Kuros Huɗu a Ƙarƙashin Motar Garba

Tun da na dawo daga ƙasar Faranshi, wadda yaran yanzu ke ce wa Nijar, ban sha ruwa da daɗi ba. In na je suna, tambaya. In na je gaisuwar mutuwa, ana tsakiyar addu'a wata za ta matso ta taɓa ni, "Ige, wai da gaske motar ta hau bori?" Na gaji da maimaici, kuma na lura kowace in ta ji sai ta ƙara nata kafin ta kai gida. Don haka na zaunar da matar Garba ɗan ƙanena, wadda ta yi boko, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana ko da kan mijinta ta faɗo. Ni ban san baƙi ba, amma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na ga komai a tafiyar nan. Rabinsa ne ban gane ba.

Mu mutanen Tungar Marke ne, ƙasar Maradun. Da aka tare gulbi a Bakolori aka ce mu tashi, ruwa zai ci garin. Muka tashi, aka zube mu kan tudun da muke yanzu. Mun kwashe jinka, mun kwashe ƙyamare, har duwatsun murhu. Abin da bai kwasu ba shi ne Baba. Mahaifinmu shi ne limamin garin, da ya cika kuma a bayan ɗakinsa aka sa shi, cikin gida, gindin marken da garin ya ci sunansa.

Ina da ya guda, Kulu, wadda aure ya kai wani ƙauye bayan Ƙonni tun ban iya ɗaurin zane ba. Labarin rasuwar Baba bai same ta ba sai da aka share makoki. Kowace shekara sai ta aiko cewa da rani tana tafe, har idonta ya tafi, bayanta ya ƙage. Rannan wani mai fataucin albasa ya yi sallama da ni, bayan mun gaisa ya ce, "Inna, saƙo ne, kuma an ce in faɗe shi yadda yake. Kulu ta ce in kin bari ruwa ya rufe Baba ba ta dafa ƙasarshi ba, ba ta yafe miki ba."

Na sa aka kira Garba, ɗan ƙanena. Shi direba ne wurin Turawan dam, masu aikin tare gulbin, kuma ya sayi wata tsohuwar jif da suka yi gwanjonta. Kullum ta gefen ruwan yake bi, shi ya san inda ya kai.

"Gwaggo, ya ci fadama, ya ci rijiyar gari. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi can gabas, shi ke nan."

"To tashi mu tahi."

"Motar ba ta da lahiya, Gwaggo."

"Mi ka damunta?"

"Rawa take."

Na ce ni ma ƙafata na ciwo, ban fasa zuwa rijiya ba.

Da sassafe muka kama hanya. Na riƙa wa Kulu daddawa irin tamu, da gorar nono da na saya hannun Fulanin Damaga, don na san ta da son nono. Muddin muna kan hanyar ƙasa, mota lafiya lau, har na fara zargin Garba ƙyuya ce ke damunsa. Muna hawa kwalta ya ƙara wuta, sai na ji abin ya taso daga tafin ƙafata. Kujera ta ɗauka, ƙofa ta amsa, madubi ya koma kamar ruwan da aka jefa wa dutse. Na buɗe baki in ce ya rage, haƙorana suka riga ni magana. Makyarkyata dai irin ta mai masassara. Da ya rage gudu sai ta lafa, kamar ba ita ba.

A Talata Mafara muka tsaya wurin wani makanike, Mudi, wanda rigarsa ba a san launin da aka sayo ta da shi ba. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gida, ya tambayi ƙaura, sannan ya shige ƙarƙashin mota. Ni kuwa ban saba a yi mini aiki ina zaune nesa ba, na shimfiɗa gyale na duƙa. Na ga wani dogon ƙarfe mai kaurin taɓarya, ya taso daga cikin mota ya nufi ƙafafun baya. Wani guntu irinsa ya nufi na gaba. Mudi ya kama na bayan ya girgiza, ya yi ƙwal, ƙwal.

"Garba, ka ji? Kuros ɗin farfelar baya ya ci."

Farfela na sani, ita ce ke juyawa a silin asibiti tana ba da iska, ban ga abin da ya kai ta ƙarƙashin mota ba. Amma ba ita ta tsaya mini ba.

"Kai, mi kac ce ya ci?"

"Kuros, Inna."

"Wane kuros?"

Ya miƙa hannu cikin tarkacensa ya ɗauko wani tsoho ya sa mini a tafi. Ƙarfe ne mai hannu huɗu, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, biyu a gicce. Na san shi sarai. Na gan shi a wuyan Turawan dam, na gan shi a wuyan matar nan ta kudu mai sayar da manja bakin tasha. Ba ni da faɗa da su, matar ma ba ta taɓa tauye mini mudu ba, amma kowa da nasa.

"Wa yas sa wanga cikin motar?"

"Da shi aka ƙera ta, Inna. Shi ne gwiwar farfela. Ƙafa na hawa tana sauka, shi ka lanƙwasawa."

"Guda nawa?"

"Kowace farfela biyu. Huɗu ke nan."

Na dubi Garba, ya dubi ƙasa. Ashe yaron nan tun da ya fara tuƙi a kan kuros huɗu yake yawo, yana sauka yana alwala. Na ce a cire su duka. Mudi ya yi dariya har ya ga ba dariya nake ba, ya haɗiye sauran. Ya ce in an cire, sai dai a ɗaura wa motar jaki. Sabo kuma ba shi da shi, sai Sakkwato. Ya ɗura wa tsohon man giris, ya ce mu lallaɓa.

Ku duba mini fa. Ɗiyar liman zan ɗauko, in kai ta kabarin liman, a bisa wannan abu.

A mararrabar Bakura na ce a tsaya. Akwai wani malami zaune ƙofar masallaci yana ɓare rogo. Na durƙusa muka gaisa, na zayyana masa. Ya ce, "Ana yi mishi sujada?" Na ce a'a. "Ana rataya shi ga wuya?" Na ce a'a, ƙarƙashin mota yake. Ya ce, "To ai taka shi kuke." Har na ji sanyi. Na miƙe, sai wani tunani ya zo mini, na koma. "Allah shi gafarta malam, mu ka taka shi, ko shi ka ɗauke da mu?" Ya dakata da rogon, ya dubi motar, ya dube ni, ya ce Allah ne masani.

Tun da malam ya bar ni a tsakiya, na yi tawa dabara. Ina da wata laya da Baba ya ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, babba ce, an ɗinke ta da fatar akuya, tana da nauyi a hannu. Na ciro ta, na naɗe da tsumma, na ce wa Garba ya ɗaure ta jikin farfelar, kusa da kuros ɗin.

"Gwaggo, don Allah. Abin nan juyawa yake, ba a ɗora mishi komi."

"Ni na yi maka wanka kana jariri ko kai ka yi min?"

Ya nemi waya ya ɗaure. Muka hau.

Jama'a, abin da ya biyo baya shi ne ake cewa motar ta hau bori, kuma ba zan ƙaryata ba. Da can makyarkyata take, yanzu kuwa duka ne, dum, dum, dum, kamar mata uku na daka a ƙarƙashinmu. Murfin akwatin gaba ya buɗe da kansa. Ɗankwalina ya zame. Garba na riƙe da sitiyari kumatunsa na kaɗawa, yana cewa, "Kin gani, Gwaggo? Kin gani?" Na ce na gani ƙwarai, ƙarfen ya ji abin da ya fi ƙarfinsa, suna kokawa, a bar su. Da muka tsaya sallar azahar a Tureta na buɗe gorar nonon Kulu in duba, na tarar ya fid da mai. Curi guda yana yawo a sama, kamar Bafillata ta wuni tana kaɗawa.

A Sakkwato Garba ya so mu kwana a nemi kuros. Na dubi gabas na ga hadari ya yi gini, na ce ba kwana. Rubuta, ai gaskiya ce, mijinki ya yi mini gunguni har Illela, yana tsammanin ƙarar mota ta rufe.

Kan iyaka ba wani abu ba ne, sanda ce aka gicciya bisa ganga biyu. Na yi zaton zan ga ƙasa ta sake launi. Gero irin namu, awaki irin namu, Hausa irin tamu, sai dai an barbaɗa mata wasu kalmomi kamar tsakuwa cikin shinkafa. Wani dogo mai ƙaramar hula, wanda suke ce wa jandarma, ya leƙo ta taga ya dubi Garba.

"Sannu, mushe."

Na ce, "Kai! Wa a mushe? Ɗan mutane da ranshi da lahiyatai?"

Garba na ta taka mini ƙafa. Ashe wai can in za a girmama namiji sai a ce masa mushe. Na ce to in za a zage shi fa, sai a ce masa mi? Jandarman ya nemi takardata mai hoto. Na juya masa kumatuna, na nuna masa zanen gidanmu, na ce ga ta nan, tun ina kwana bakwai aka rubuta, ba ta taɓa ɓacewa ba. Ya kira ɗan'uwansa suka yi ta dariya, suka shinshina daddawata, suka ɗaga sanda.

A Ƙonni muka sauka gidan wata mai tuwo, saboda motar ta fara wani kuka sabo, ƙyas-ƙyas, ko tafiyar hawainiya ake. Matar tana da kirki, ta ba ni tabarma a ɗakinta, amma ba ta rufe randa, kuma kajinta tare da mutane suke kwana. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, da tauri kamar ita. Na nemi koko, aka ce sai shayi, aka miƙo mini shi cikin wani ɗan kofi da bai fi a sa wa jariri magani ba, ɗaci kamar maɗaci. Na jiƙa sandar a ruwa na ci.

Makaniken garin sunansa Abdu, farin tsoho mai tabarau ɗaure da zare. Garba ya ce masa farfela ce ta lalace, ya tafi neman mai. Ni na zauna gadi. Na ga mutumin ya buɗe bakin motar ta gaba, ya yi ta kwance-kwance, ya fito da wata fanka mai fukafukai, ya ɗaga ta ga rana, ya juya, ya hura.

Na ce, "Malam, ba nan ciwon yake ba. Ƙasa."

"Inna, farfela yac ce. Ga farfela."

Ni ma dai a sanina wannan ce farfela. Har na fara tunanin ko Mudi na Mafara ne bai san aikinsa ba. Sai da hantsi ya ɗaga Garba ya dawo, ya ɗora hannu a ka, ya ja tsohon har ƙarƙashi ya dafa masa ƙarfen.

"Af! Kardan! Ka ce min kardan mana, mushe."

Ashe can sunan abin dabam, motar ma mato suke ce mata. Na yi murna, na ce watakila kuros ɗin ma a nan ba kuros ba ne. Na tambaya. Ya faɗi wani suna mai tsawo da ya fita ta hanci. Na ce ma'anarsa fa? Ya gicciya yatsa bisa yatsa. To, sun dai sake masa suna.

Can sai na ji ya yi salati daga ƙarƙashi. Ya fito riƙe da layar Baba, tsumman ya yage, fatar ta sha giris da ƙasa. Ya goge ta da gefen rigarsa, da hannu biyu ya riƙe.

"Wa yaɗ ɗaura wagga nan?"

"Ni na sa."

"Inna, sunan Allah ƙarƙashin mato, cikin kashin shanu? Kuma ƙarfen ga awo gare shi, ba gefen da ya fi wani nauyi. Ko ƙwallon goro kika liƙa gefe guda, sai ya rinjaya, ya yi ta dukan kanshi."

Bai jira amsata ba, ya rataye ta jikin madubin gaba. Maganar kashin shanu ta shige ni, ban musa ba. Maganar awo kuwa har yau ban yarda da ita duka ba. Ƙarfe mai kaurin taɓarya, laya ta rinjaye shi? In ta rinjaye shi, ai maganata ce ta fito.

Ya ce farfelar ta riga ta lanƙwashe, gyara ba ya yi, sai sauyi. Ya tono wata daga bayan rumfarsa, ta wata jif da ta mutu, ya zare ta gida biyu ya wanke da kananzir, ya sa mata kuros sababbi, ya mayar ya ɗaure. Ina kallo aka sa su, ban hana ba, don an yi tsawa a gabas. Tsohon kuros ɗin Garba ya jefa bayan mota.

Hanyar ƙauyen su Kulu rairayi ce, a hankali muka bi, ba mu ji komai ba. Na same ta kan tabarma bakin ɗaki, ta koma kamar kara. Ban yi sallama da ƙarfi ba, amma ta ɗaga kai.

"Ige ce. Na ji jan ƙafar. Tun kina yarinya ba ki ɗaga ƙafa."

"Ina wuni, Yaya."

"Sai yanzu?"

Ta lalubo fuskata, ta bi zanen kumatuna da yatsa, ta ce na tsufa. Na ba ta gorar nono na ce ga abin da ya saura. Ta girgiza, ta ji curin mai, ta ce ashe dai na koyi abin kirki. Ban gaya mata mota ce ta kaɗa ba. Ɗanta Isuhu ya so mu huta, ita ta ce a ɗauke ta yanzu. Ya cicciɓe ta ya kwantar a bayan mota bisa katifar rimi, ya ja ni gefe ya ce, "Inna, bayanta ba ya son girgiza. Ko jaki ba ta hawa."

Muna hawa kwalta Garba ya ƙara wuta. Dukan nan ya tafi, amma wani abu ya maye gurbinsa, zirrr, siriri, mai shiga ƙashi. Ni da ke da lafiya sai da na ji shi a haƙori. Kulu ta daure, ta daure, sannan ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da wuta ta ci mata hannu muna yara. Garba ya taka birki. Ta ce, "Ku bar ni nan gefen hanya in huta, in ya so ku tahi ku gaishe shi."

Na ce wa Garba ya bi a hankali har gida. Ya ce a tafiyar da ba za ta girgiza ba, sai mun kwana biyu a hanya, kuma daren jiya an yi ruwa a gabas, direbobi sun faɗa. Muka lallaɓa muka koma wurin Abdu.

Ban gaishe shi ba. Na ce, "An sauya ƙarfe, an sa kuros sabo, an cire laya. Yanzu kuma wa za a ɗora wa?"

Ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe, sai na ji ya yi tsaki, ya zagi kansa da kansa. Ya kwanto farfelar ya shimfiɗa a ƙasa ya nuna wa Garba. Kowane bakinta yana da kunnuwa biyu masu riƙe kuros. Wai dole kunnuwan wannan baki da na wancan su kwanta layi ɗaya. Da ya zare ta ya wanke, sai ya mayar a karkace, kunnuwan gaba na duban gabas, na baya na duban kudu maso gabas. Ya kankare tsatsa da wuƙa, sai ga wasu 'yan kibau biyu, ɗaya a kowane gida. Ya zare, ya juya kaɗan, ya mayar har kibiya ta dubi kibiya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ƙarfen dai shi ne, kuros ɗin su ne?"

"Su ne. Sahu ne bai daidaita ba."

Wannan kam ban gane ba, kuma na daina yarda da bakin makanikai. Na ari ƙwarya wurin mai tuwo, na cika ta da ruwa har baki, na hau gaba na ɗora a cinya. Na ce a bar Kulu a inuwa, a je a gwada, in ɗigo ya zuba a zanena ba inda za ta. Garba ya hau kwalta, ya ba ta wuta, ya ƙara, ya wuce inda take fara rawa. Na kafa wa ƙwaryar ido. Ruwan na kwance, har fuskata nake gani a ciki, da layar Baba tana lilo a sama.

Muka ɗauki Kulu. Jandarman jiya ya ɗaga mana sanda yana tambayar ko ita ma takardarta na fuska. Muka wuce Illela, muka wuce Sakkwato, mota na tafiya kamar kwalekwale. Na saba da kukan ta, shirun ya dame ni. Na waiga, Kulu ba motsi, baki a ɗan buɗe. Na kira, ba ta amsa ba. Na tsallaka baya na kai hannu hancinta.

"Ɗauke hannunki, warin daddawa yake."

Barci take. Ta ce rabonta da barci irin wannan tun kafin bayan ya kama ta.

Da ta wartsake sai hannunta ya faɗa kan tsohon kuros ɗin da Garba ya jefa. Ta ce mi ne wannan. Nan na fashe, na gaya mata duka, tun daga Mafara, da malamin Bakura, da cewa yanzu haka huɗu ne a ƙarƙashinta, in ta ga za ta sauka kafin mu isa wurin Baba, sai Garba ya goya ta. Ta yi ta shafa ƙarfen, hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kin gan shi, ni ban gani ba. Ni mararraba na ji. Ga hanyar Ƙonni, ga ta Mafara, ga ta gida." Ta tsaya a na huɗun. "Wagga kuwa kowa zai bi ta."

Ta sa shi a cinya, ba ta sake ba.

Da la'asar muka bar kwalta bayan Maradun. Hanyar Tungar Marke da na sani ba ta nan, ruwan daren jiya ya mai da ta taɓo, gefe guda kuma ga babban ruwan ya miƙe har inda ido ya ƙare, kawunan itatuwa na leƙe. Ba mu yi nisa ba ƙafafun baya suka nutse, suna juyawa wuri ɗaya suna feshin laka. Na hango marken, ga shi can, amma ko mai ido ba ya kaiwa da ƙafa kafin duhu, bare da goyo.

Garba ya ce, "Gwaggo, yanzu sai kuros huɗun duka sun yi aiki. Kin yarda?"

Rubuta cewa da izgili ya faɗa. Na ce, "Yi abin da za ka yi, ka bar ni da Allah."

Ya ja wata gajeriyar sanda mai jan kai kusa da giya. Motar ta yi gurnani, na ji gabanta ya kama ƙasa kamar mai rarrafe da hannuwa. Ta fizge, ta fito, ta yi ta kutsawa cikin taɓo a hankali, ruwa na shigowa ta ƙasan ƙofa, har ta tsaya inda zaurenmu yake a da.

Zauren ya zube. Ɗakin Inna mahaifiyarmu ya narke ya koma tudun laka. Ruwa ya shiga tsakar gida, ya ci wurin turmi, yana lasar katangar ɗakin Baba. Bayan ɗakin ne kawai ya saura a bushe, wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Garba ya goyi Kulu, na riƙe zanena na bi su cikin ruwa.

"Ige, ina jin ruwa. Ya kai?"

"Bai kai ba, Yaya."

"Kada ki yi min ƙarya don ba ni gani."

Na kama hannunta na ɗora kan ƙasar. Ta damƙa, ta murza, ta ji busasshiya ce. Ta lalubi saiwar marken ta gane ta. Ta daɗe tana addu'a, mu muna amin, ruwa na motsi bayan dugaduganmu. Da ta shafa, sai ta sunkuya kusa da ƙasar, ta yi magana yadda ake yi wa mai barcin rana.

"Baba, Kulu ce. Hanya ce ba kyau."

A hanyar komawa ta lalubo hannuna ta danƙa mini ƙarfen, ta ce, "Riƙe. Na yafe." Kafin Jumma'a ta zagayo Garba ya zo ya ce ba a ganin komai sai kan marken.

Kulu na nan ɗakina, ta ce ba ta sake hawa mota, ko mai kuros ko marar shi. Ƙarfen ne ya zame mini aiki. Ba na jefa shi ruwa, Baba na ciki. Ba na shiga da shi ɗaki, na san abin da idona ya gani. Ba na kuma yar da shi, don na san hannun da ya ba ni. Yana nan bakin ƙofa, shi ke tare mini ƙyaure in iska ta taso. Mai son gani ta zo ta gani, amma kada wadda ta sake tambayata ko mene ne.